Hoton Kaka da Kantar Ruwan Sama

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na sayi wannan littafi ne don in riƙa jera manazartar kundina, ga shi tun a shafin farko na kauce hanya. Ba komai, takarda ba ta gardama.

Jiya na kai wa Malama, mai duba aikina, babi na huɗu. Aikin nawa a kan tsofaffin hotuna ne, waɗanda masu nazarin al'umma suka ɗauka suka sa a littattafansu ba tare da sunan mai hoton ba. Sai dai ka ga an rubuta "wani maƙeri" ko "wata mai saƙa". Ni kuma ina bin sawu, in nemo 'ya'ya da jikoki, in kwafi abin da marubucin ya rubuta a ƙasan hoton, sannan in sa sunan mutumin na gaskiya. Hotuna goma sha biyu ne. Sha ɗaya kowanne da asalinsa.

Na sha biyun kwafi ne, takarda guda da ta yi ja don tsufa. Wata mata ce zaune gefen famfo, gabanta baho cike da wanki, ta ɗaga hannu ɗaya ta kare rana. Kakata ce, mahaifiyar Baba. Ban taso na tarar da ita ba, kuma ba mu da wani hotonta sai wannan. Baba ya ba ni shi ranar da na fara jami'a, shekara ashirin da uku ke nan.

Malama ta juya takardar gaba da baya, ta ce, "Daga wane littafi?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ban sani ba."

Ta cire tabarau. Ta ce, "Ranar ashirin da huɗu kundin nan zai tafi wurin mai jarrabawa na waje. Hoton da ba marubuci, ba shekara, ba shafi, ba zai bi shi ba, ko da tawa kakar ce. Wai ba mahaifinki ne ya yi shekara talatin da ɗaya yana rubuta katin laburaren nan ba? Ki tambaye shi mana."

Na ce to. Ban gaya mata abin da ya faru ranar Lahadi ba.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Asibiti, ɗaki na shida, gado na kusa da taga. Na kai wa Baba shayi, bai sha ba. Tun da ya yanke jiki ya faɗi ranar Lahadi bakinsa ya ɗauke.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na ba ɗalibaina aikin aji na gudo laburare. Awa biyu ina gaban kwamfutar neman littattafai. Na rubuta "wanki", na rubuta "mata masu wanki", na rubuta "famfo". Ta kawo mini littafin gyaran famfo guda uku da wani a kan sabulu. Ban ga laifinta ba. Ita suna take so, ko na marubuci ko na littafi, ni kuwa fuska kawai gare ni.

Abin da ke ba ni haushi, Baba ne fa. Mutumin da ko takardar magani ya ba ka sai ya rubuta kwanan wata a kusurwa. Muna yara, idan ka ce "an ce", sai ya ajiye cokali ya ce, "Wa ya ce? A ina?" Yayana ya taɓa kwana da yunwa saboda ya ce ai kowa ya sani. Wannan mutumin ne ya miƙo mini hoton uwarsa haka kawai, babu ko harafi ɗaya a bayansa. Ni ma shekara ashirin da uku ban tambaya ba. Kullum ina ganin akwai gobe.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na safe

Yau Alhamis ta farko a wata. Da yana lafiya da yanzu ya goge takalmi. Tun da ya yi ritaya bai taɓa fashin wannan rana ba: ya tafi laburare, ya zauna can ƙurya, ya karanta rahoton ruwan sama na shekarun da suka wuce. Ruwan da ya riga ya zuba ya bushe! Yaya yana tsokanarsa yana ce masa shugaban manoman birni. Shi dai sai ya ce, "Kowa da abin da ya dame shi."

Takalmin yana nan bakin ƙofa inda ya bar shi. Na matsar da shi don in yi shara, sai na mayar.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ba canji.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na koma hanyar da Malama ta koya mana tun a zangon farko: idan ba ka san inda abu yake ba, ka tambayi waɗanda suka riga ka nema. Na ɗauko littattafai shida na baya-bayan nan a kan hotunan mata da sana'o'insu, ban karanta cikinsu ba, na juya can ƙarshe wurin manazarta. Duk tsohon littafin da aka ambata mai hotuna, na rubuta shi. Na sami arba'in da ɗaya. Goma sha tara suna cikin laburarenmu.

Na ɗebo su na jibge a tebur, ina buɗa su shafi-shafi. Na ga mata masu ɗinki, masu ɗaukar itace, masu sayar da gishiri. Duk "wata" ce. Wani lokaci sai in manta abin da nake nema in tsaya ina kallon idon wata, ina cewa ke kuma 'yar wace ce. Kaka dai ba ta ciki.

Allura ce cikin ruwa. To, mai rabo ka ɗauka.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Likita ya kira ni da Yaya waje, ya yi mana magana a tsaye. Ba zan rubuta ba. Yaya ya yi ta tambayoyi, ni kuma ina kallon wani fanka da ke juyawa yana ƙara, ina tunanin wa zai sa masa mai.

Da muka koma ciki na gyara masa matashi. Idonsa yana bin mutum, wannan kam babu shakka. Hannun hagu yana motsi. Na daman yana nan inda aka ajiye shi.

Hoton yana cikin jakata. Na sa hannu na taɓa shi, na fasa.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Mako guda.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yau na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na je wurin Kawu Mai Makulli. Ba ɗan'uwanmu ba ne, amma a hannun Baba ya koyi aiki, kuma tun ina 'yar firamare nake ce masa Kawu. Duk makullan laburaren a ƙugunsa suke, kafin ka gan shi ka ji shi. Saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya.

Ya tambayi jikin maigidansa. Na ce da sauƙi. Ya kalle ni, bai ƙara ba, Allah ya saka masa.

Na ba shi takardar. Bai ko kalli Kaka ba. Ya kai ta bakin taga, ya ɗaga ta a haske, yana duban gefe-gefe kamar mai sayen yadi.

Ya ce, "'Yar maigida, zo ki gani. Kin ga wannan siririn layi a ƙasan hoton? Inuwa ce. An ɗora farar takarda an rufe rubutun da ke wurin kafin a yi kwafin."

Na ce, "Wa zai rufe?"

Ya ce, "Ni dai abin da na gani na faɗa. To duba nan kuma."

A gefen dama, inda injin ya ɗan kamo bakin shafin da ke kallon hoton, akwai wani baƙin lanƙwasa da na ɗauka datti ne. Ashe gefen hatimin laburare ne, da lambobi uku a ciki: bakwai, ɗaya, huɗu.

Kawu ya yi dariya har makullansa suka amsa. Ya ce a zamaninsu kowane littafi da ya shigo ana ba shi lambar shigowa, a buga hatimi a bangon ciki, a sake bugawa a shafi na ashirin da bakwai. Ɓarawo zai yage bango, amma ba ya sanin na ciki. Ya ce, "Kin ga ke nan littafin namu ne, hoton yana shafi na ashirin da shida, lambarsa kuma ta ƙare da bakwai, ɗaya, huɗu."

Na ce, "Kawu, yanzu na san shafi ban san littafi ba."

Ya ce, "Wanda ya sami igiya ai ya kusa ganin akuya. Ki dawo jibi, in nemo makullin ƙarƙashin bene."

Litinin, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na kai shayi. Ya kalli kofin, ya kalli taga.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Ƙarƙashin bene aka tura tsofaffin akwatunan kati tun da aka koma kwamfuta. Duhu, ƙura, da wata kujera mai ƙafa uku. Kawu ya jawo fitila, ya nuna mini durowoyin katin shigowa, waɗanda aka jera bisa lamba. Littattafan wancan zamani ba su wuce dubu sittin ba, saboda haka kati sittin kawai zan duba, duk wanda ya ƙare da lambobin nan uku. Na ɗauka aikin rabin awa ne.

Ban yi lissafi da rubutun ba. Ina jawo durowa ta farko na ga hannun Baba. Kati bayan kati, baƙin tawada, kowane harafi a tsaye kamar an auna shi, bakwai ɗinsa mai ɗamara a tsakiya. Na zauna a kujerar mai ƙafa uku na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba a ɗaki na shida. Kawu ya ce zai je ya duba wata ƙofa, ya daɗe bai dawo ba.

Na duba ashirin da biyu. Lissafi, kiwon kaji, dokokin haya. Gobe.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Kati na talatin da takwas. Littafin wani mai bincike ne da ya zauna wata tara a unguwannin bayan tasha, ya rubuta yadda mutanen wurin ke rayuwa. A ƙasan katin Baba ya rubuta: shafi 212, hotuna 16. Jikina ya ba ni shi ne.

Na haura sama da gudu na sa sunan marubucin a kwamfuta. Babu. Na sa sunan littafin. Babu. Kawu ya ce waɗanda suka zuba littattafai a kwamfuta daga katin marubuta suka kwafa, mu duba can. Muka koma ƙasa. Kowane littafi yana da kati uku na masu karatu: na marubuci, na suna, na fanni. Duka ukun babu su. Ba ɓacewa suka yi ba, don sandar ƙarfen da ke ratsa katunan tana nan daram, sai wanda ya san yadda ake kwance ta.

Muka je kantar da lambar ta nuna. Na gabansa yana nan, na bayansa yana nan, sun haɗe kafaɗa kamar ba a taɓa yin wani a tsakaninsu ba. Kawu ya duba tsohon kundin aro, ba wanda ya taɓa aronsa.

Ya ce, "Ko an sace."

Na ce, "Ɓarawo ya tsaya cire kati uku?"

Ya yi ta juya makulli ɗaya a hannu.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na gaya wa Malama na sami marubuci da shekara da maɗaba'a da shafi, ko zan iya sa su haka. Ta ce, "Kin ga littafin da idonki?" Na ce a'a. Ta ce, "To kati kika gani. Idan hoton ba ya ciki fa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mai jarrabawa zai tambaya. Kuma ina rubutun da ke ƙasan hoton? Sauran sha ɗayan duk kin kwafa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi. Ta sa aka rubuta wa wasu laburarori biyu ko suna da shi. Ɗaya sun ce babu, ɗaya sun ce amsa sai bayan wata guda.

Saura kwana goma.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ba canji. Yaya ya aske masa gemu, ya yanke shi kaɗan a haɓa, ya yi ta ba shi haƙuri kamar zai amsa.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na kwashe kayansa na wanke, har waɗanda ba su yi datti ba. Ina shanya na tuna maganarsa. Idan ya ga mun ajiye littafi inda ba wurinsa ba, ko a gida ne, sai ya ce, "Littafin da aka ajiye ba a mazauninsa ba an binne shi da rai." Na ji wannan magana ta fi sau dubu. Ni kuwa albasa ba ta yi halin ruwa ba, har yau ɗakina kamar an yi yaƙi.

Wanda ya cire katunan nan ya san aiki. Kuma ya bar na shigowa, wanda masu karatu ba sa gani. Mai son ya hallaka littafi ba zai bar masa shaidar haihuwa ba.

Ba na son inda tunanin nan yake kai ni.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ni da Kawu mun bi kantocin fannin nazarin al'umma kaf, ko an saka shi a wani gurbi bisa kuskure. Littafi dubu uku da wani abu. Wuyana ya ƙage. Babu.

Muna zaune muna hutawa Kawu ya ce, kamar mai magana da kansa, "Ikon Allah. Shekara goma sha takwas ina ƙarƙashinsa, duk kantar da ke ginin nan ya sa ni na kaɗe mata ƙura, ban da guda ɗaya. Ita kam da kansa yake yi."

Na ce, "Wacce?"

Ya ce, "Ta can ƙurya. Ta rahoton ruwan sama."

Muka kalli juna. Ƙararrawar tashi ta buga, ya ce yau an rufe ɓangaren, sai gobe. Ƙarya yake yi, makullin yana ƙugunsa. Ni ma ban matsa ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na zauna kusa da shi ban ce komai ba. Shi ma haka. Yau dai mun yi daidai.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Kanta ta ƙarshe, layin ƙasa, sai an durƙusa. Rahotannin manya ne masu koren bango, shekara-shekara, ba wanda ya taɓa su sai mutum ɗaya. Na zaro na tsakiya guda uku. A bayansu, kwance a jikin bango, ga wani ɗan littafi mai ruwan ƙasa, an naɗe shi da farar takarda an ɗaure da zare. Ko ƙura babu.

A rashin sani kaza ta kwana kan dami. Sau nawa na zo na tarar da shi a kujerar nan, babban koren littafi buɗe a gabansa, in ce, "Baba, yaya ruwan bana?" ya ce, "Yana nan yadda yake."

Shafi na ashirin da shida. Ga ta. A littafin ta fi kwafin fitowa sosai: ana ganin kumfa a damtsenta, ana ganin ɗan kunne ɗaya, kuma ashe murmushi take yi, inuwar hannunta ce ta ɓoye shi. Gefen shafin ya yi laushi don yawan buɗawa.

Sai na karanta abin da ke ƙasa. Zan fassara shi yadda yake:

"Wata mai wankau, daga mafi ƙasƙancin mutanen unguwar. Irinta ba su san shekarunsu ba, ba sa kuma tunanin gobe."

Matar da ta yi shekara goma sha huɗu tana wanke kayan mutane don ɗanta ya yi makaranta. Da hannun nan mai kumfa ta saya masa alƙalamin da ya rubuta katin littafin da ya zage ta. Na lissafa daga ranar da ke kan katin, Baba yana da shekara ashirin da shida, bai fi wata biyar da fara aiki ba. Ya buɗe sabon littafi zai buga hatimi a shafi na ashirin da bakwai, ya ga uwarsa.

Bai yaga ba, bai ƙona ba, bai kai gida ba, don kayan laburare ne. Ya rubuta masa kati tsaf, sannan ya binne shi da rai, ya riƙa zuwa ziyara.

Kawu ya juya baya yana share tabarau. Ya ce, "Ni ban ga komai ba, 'yar maigida. Yadda kika ce haka za a yi."

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na sami abin da nake nema, kuma ban taɓa jin nauyi irin na yau ba.

Idan na sa hoton, dole in sa sunan littafin, in kwafi rubutun. Duk wanda ya karanta kundina zai iya zuwa ya nema, aikin manazarta ke nan. Abin da ya rufe shekara arba'in da wani abu, ni zan buɗe, yana kwance ba ya iya cewa a'a. Idan kuma na cire, Kaka ta koma bayan ruwan sama, sha ɗaya 'yan uwan wasu sun sami suna, tawa ba ta samu ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na gaya wa Yaya a bakin ƙofar asibiti. Ya ce, "Ke dai da neman magana. Mutum yana wannan hali? Ki cire hoton kawai, digiri ai ba zai fasa ba." Na ce ba digiri ba ne. Ya ce to mene ne.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na buga shafin iri biyu. Ɗaya da rubutun marubucin, ɗaya na bar wurin fari. Na ɗora su a tebur ina kallo. Na biyun ya fi kyau. Sai na lura abin da na yi: farar takardar Baba ce na sake ɗorawa, da kwamfuta.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je da niyya, na dawo da ita. Yana barci.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta wannan a hankali don kada in bar komai.

Kawu ya ba ni aron littafin bisa ƙa'ida, ya buga kwanan wata, ni ce ta farko a takardar aron. Na tarar da Baba ido biyu, Yaya ya fita sayen magani. Na ajiye shayi, na zauna ta hagunsa, na fito da littafin ban kwance zaren ba.

Ya gane shi nan take. Numfashinsa ya canja.

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Na je kantar ruwan sama."

Ya rufe ido. Na ɗauka shi ke nan, na fara mayarwa cikin jaka. Sai na ji hannunsa a kan nawa. Ya ja zaren da kansa, da ƙyar, ya kwance. Ban nemo masa shafin ba, littafin ne ya buɗe a wurin.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan na nuna masa takarduna biyu, na ce, "Jibi zan miƙa. Ga wannan, ga wannan. In ka ce a cire duka, a cire."

Ya ture mai farin wurin har ta faɗi ƙasa. Ya jawo ɗayar, ya bi rubutun marubucin da yatsa, kalma-kalma, yana duba littafin yana duba nawa, yadda yake yi wa sababbin ma'aikata. Na tuna dokarsa da Kawu ke yawan maimaitawa: mai kati ba ya gyara wa marubuci, abin da ya gani shi yake kwafa, ko da kuskure ne. Idan yana da abin ƙarawa, ya sa a cikin baka, kowa ya san nasa ne.

Ya motsa yatsu. Na gane, na sa masa fensir. A ƙasan rubutun, da hannun hagu, ya ja baka ɗaya a karkace, ya bar fili, ya ja ta biyu. Ya miƙo mini fensirin.

Sai ya faɗi sunanta.

Na san sunan, amma ban taɓa ji daga bakinsa ba, kullum "tsohuwata" yake cewa. Ya fito da nauyi, rabi a maƙale, amma ya fito. Kalmar farko ke nan cikin kwana ashirin. Na rubuta a tsakanin bakan.

Yaya ya shigo ya same mu haka. Ya ce, "Me ya faru?" Na ce Baba ya yi magana. Ya saki ledar magani ya fita kiran nas, yana ta kiran wadda ba ta aiki yau.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na gama manazarta. Littafin ya shiga layinsa bisa harafi: marubuci, shekara, suna, maɗaba'a, shafi na 26. A ɓangaren waɗanda aka yi hira da su na ƙara mutum na goma sha biyu. Suna, shekaru, sana'a: tsohon ma'aikacin laburare. Wuri: asibiti, ɗaki na shida. Rana: Asabar, 22 ga wata. Tsawon hira ban san me zan sa ba, na bar shi.

Likita bai canja abin da ya faɗa ba. Na sani.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na miƙa. Malama ta buɗe hoto na sha biyu, ta karanta na marubucin, ta karanta na cikin baka. Ta ce, "Wa ya tabbatar?" Na nuna mata layin ƙarshe. Ta mayar da tabarau ta sa hannu, ta ce in gaishe shi.

Daga nan na wuce laburare. Kawu ya sa littafin a kwamfuta, amma ya ce shi bai yarda da abin da ba ya taɓawa ba, ya ɗauko fararen kati uku ya ce in rubuta. Na marubuci, na suna, na fanni. Rubutuna kamar kaza ta yi tonon shara. Ya kwance sandar ya zura su. Sannan muka je kantar, ya matsa na gaba, na matsa na baya, na sa littafin a tsakani.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na kai masa shafin manazartar ya gani. Ya bi shi da yatsa tun daga sama, ya tsaya a layin littafin, ya ƙwanƙwasa wuri ɗaya sau biyu. Na duba. Na manta waƙafi bayan sunan marubucin.

Na ce, "Baba, an riga an miƙa."

Ya ƙara ƙwanƙwasawa.

Gobe da safe zan je in roƙi Malama ta ba ni shafin in gyara. Ya sha rabin kofi.